Kuɗin Takin Marigayi Ya Dawo, Zakkar Fa?

Assalamu alaikum Admin, a sakaya sunana. 'Yan uwa na wannan zaure, don Allah ku ba ni shawara, ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan a garinmu ba tare da na tona asirin wanda ke kwance a ƙasa ba.

Ni mace ce a wani ƙauye a ƙasar Ɗanbatta. Maigidana ya rasu bayan kaka, zazzaɓi ne na kwana shida, ya bar ni da 'ya'ya huɗu da gona ɗaya. Makon jiya na fita takaba.

Mutum ne da bai taɓa wasa da zakka ba. Duk shekara in an gama sussuka, kafin buhu ɗaya ya shiga ɗaki sai ya ware na Allah, kuma yawanci Gwaggo Tabawa yake ba, wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai riƙon jikoki uku marayu. Har ta saba, da ta ji an daina sussuka a gidanmu sai ta taho da buhunta naɗe a hammata.

Bara kun san yadda taki ya yi tsada. Raguna biyu ya sayar ya saya ta hannun ƙungiyar manoma, ya zuba, gero bai amsa ba. Gonar da ke ba mu buhu goma sha biyu, takwas ta bayar. A lokacin ya ji wani malami a rediyo yana cewa manomi zai iya cire abin da ya kashe a taki kafin ya fitar da zakka. Ina ganinsa ya zauna a tsakar gida yana zane a ƙasa da kara, ya cire buhu biyu a matsayin kuɗin taki, saura shida, ya ce shida bai kai nisabi ba, da kaɗan ya gaza, don haka bana babu zakka a kanmu, Allah ya ga zuciyarsa. Haka ya ce, amma ranar bai taɓa tuwonsa ba. Da Gwaggo ta yi sallama ya kasa fitowa, ya ce in auna mata tiya uku sadaka. Ta yi godiya, ta juye a ƙwarya, ta miƙo min buhun ta ce in ajiye mata, baɗi in da rai.

Ashe takin nan gauraye yake da yashi. Ƙungiya ta yi ƙarar dillalin da ya sayar mata da shi, aka daɗe ana kai da komowa, ni ban ma sani ba. Ina cikin takaba sakataren ƙungiya ya yi sallama, ya aiko min da kuɗi a leda, da risit mai sunan marigayi, wai an tilasta wa dillalin ya mayar wa kowa kuɗinsa. Na karɓa ina kuka, na ce Allah bai manta da marayuna ba.

Da ƙanena ya zo duba ni, shi yana aiki a ofishin haraji na ƙaramar hukuma, na ba shi labari har da na zanen ƙasa. Sai ya ce, Yaya, ko a wurinmu in mutum ya cire abin da ya kashe don a rage masa haraji, daga baya aka mayar masa da kuɗin, dole ya bayyana su, don ya zama bai kashe ba ke nan. Ya ce shi ba malami ba ne, amma in buhu biyun nan sun dawo, gero takwas ne ba shida ba, kuma takwas ya haura nisabi. Ɗaya bisa goma, kusan buhu guda.

Na faɗa wa wan marigayi. Ransa ya ɓaci, ya ce ƙaninsa da fatawa ya yi aiki, littafinsa ya rufe, kuɗin nan na marayu ne yanzu, kuma in na kuskura na kai maganar gun Liman gari zai ɗauka cewa marigayi ya mutu da zakka a wuyansa. Ya ce in sayi taki in yi shiru. Ban musa masa ba, don gaskiya damina ta ƙarato, geronmu buhu uku ya rage, ba zai kai mu kaka ba. Kuɗin da a kaka ya yi buhu biyu na gero, yau da ƙyar ya wuce ɗaya. In na sayi geron zakka, abin da zai saura ba zai sayi taki ba, gonar kuwa ba ta yi sai da shi.

Amma na san mijina. Da yana raye aka kawo ledar nan, ba za ta kwana a gidan nan ba. Ranar sadakar uku Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce in yi haƙuri, bawan Allah nan bai taɓa cin haƙƙin Allah ba, ita shaida ce. Na sunkuyar da kai.

Malamai da iyaye na zauren nan, shin wannan bashi ne a kansa da za a biya kafin gado, ko ya faɗi da rasuwarsa? In na biya, na zalunci 'ya'yana? In na ƙi, shi za a tambaya ko ni? Kuɗin suna ƙarƙashin katifa, ban taɓa ko naira ɗaya ba. Buhun Gwaggo kuma yana rataye a bayan ƙofa, kullum in zan rufe ɗaki sai hannuna ya taɓa shi. Ku faɗa min, in cika mata shi, ko in sayi taki?