Kalwar Ubana a Aljihun Ladi

Juma'a da dare, farkon damina, Zonkwa

Yau aka ba 'yan makaranta hutun tsakiyar zango. Ladi jikata ta dawo da gudu, ta juye aljihunta a kan tabarmata, sai ga kalwa, 'ya'yan ɗorawa.

"Baba Tsoho, da wannan Anti take koya mana lissafi. A bayan aji muke tsinta."

Na san bayan ajin nan. Ɗorawar ubana ce. Da hukuma suka karɓi gonarmu suka gina firamare, dattawa sun ce ƙasa ta tafi amma itace namu ne, haka aka saba. Daga baya suka ja katanga suka haɗa da ita. Tun ranar na rantse ƙafata ba za ta taka wurin ba.

Na tashi zan ɗauki sanda, in je in tsaya a ƙofa in zage hedimasta. Ta riƙe mini riga.

"Zauna mana, ba ka gani ba tukuna."

Ta ware uku, ta ware huɗu, ta haɗa, ta ce bakwai. Ta sa yatsa a ƙasa ta rubuta Ladi, harafi ɗaya yana kallon baya. Ni sai da na yi furfura na tsinci ɗan rubutun nan a majami'a.

Ban yafe ba, Allah ya sani, kuma ba zan shiga ba. Amma ta ce kalwar ba ta isar ajinsu. Na cika mata gwangwani daga wadda na ajiye don daddawa.