Golan da Ya Ƙi Haura Katanga

Takoradi, watan Maris

Zuwa ga Kawu Berko, shugaban magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Kadojin Ofin,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ga busasshen kifi nan na ba direba ya kawo muku Dunkwa.

Kawu, mun ji a rediyo za ku zana fuskokin tsofaffin 'yan wasa goma sha ɗaya a bangon filin ƙwallo. Tun ranar Baba bai sake barcin kirki ba. Ya sa na ciro masa rigarsa ta gola daga akwati, na wanke na goge. Ba ya tambaya da baki, amma duk motar Dunkwa da ta tsaya a tasha sai ya dogara sanda ya je ya leƙa. Shekara goma sha huɗu ya tsare muku raga, yatsunsa sun karkace har ba ya iya riƙe cokali. Ka sa baki, Kawu, ko don darajar ƙanwarka, mahaifiyata, da ke kabari.

'Yarka mai biyayya,
Afrakoma

*

Dunkwa, watan Afrilu

'Yata Afrakoma,

Na gaishe ki. Kifi ya iso, gishiri ya ɗan yi yawa amma mun cinye.

Kai, da kin ga taronmu a rumfar bammi! Har kujera an jefa. Ofori Guguwa ya shiga jerin waɗanda za a zana ba gardama. Dankwa Ƙafar Hagu ma ya shiga, ko da yake rabin wasanninsa a buge ya buga su. Wani ya ce mashayi ne, aka ce masa to kai da ba ka sha, ƙwallo nawa ka ci? Da aka zo kan gola na ambaci babanki Gyambibi. Tsohuwa Konadu mai sayar da tuwon dokunu ta tofar da yawu ta ce, "Mai ƙofa?"

Ba a haife ki ba lokacin, bari in ba ki labari. Ranar wasan ƙarshe na kofi, bokanmu ya ce abokan karawa sun binne abu a bakin ƙofar fili, kowa ya haura ta katanga. Mutum goma suka haura. Koci da uban tumbinsa ya haura, wandonsa ya yage. Babanki ya gyara kwalar riga ya ce shi ɗan coci ne, kuma shi ba ɓarawo ba ne da zai haura katanga. Ya bi ta ƙofa yana taku ɗaiɗai. Ana dab da tashi ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, kofi ya tafi, har yau kofin bai sake dawowa garin nan ba. Girman kai rawanin tsiya, 'yata.

Jama'a gola Boadu suke so. Kakar wasa biyu kacal ya yi mana, hannunsa kamar rariya, amma bai taɓa raina mu ba. Duk da haka na yi miki ƙoƙari. An yarda in babanki ya zo ranar Lahadi kafin wasa ya haura katangar nan a gaban kowa, za a sake zama a kansa.

Ki gaida mini shi, in yana amsa gaisuwar ɓarayi.

Kawunki,
Berko

*

Asibiti, Dunkwa, watan Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Na rubuto ne tunda ba ka leƙo mu ba, alhali daga gidanka zuwa nan ko tasi ba a hawa.

Na ɓoye masa wasiƙarka. Ashe kun kai maganar gidan rediyo. Na wayi gari ba Baba, ba riga. Na bi shi a motar gaba, na iso na tarar fili ya cika kamar ranar kofi, har da masu ganga.

Kana kan benci da lemarka, ka ga abin da na gani. Tsoho mai shekara saba'in da huɗu yana kama bulo da karkatattun yatsu yana zamewa, jama'a na waƙa, "Hau, ɓarawo, hau!" Na riƙe rigarsa ina kuka, ya ce, "Sake ni, Afra, fuskata kawai nake so jikokina su gani." Wani ya turo masa akwatin kwalabe ya taka. Ya kai sama, ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi in ya cafke ƙwallo, sai ya faɗa ciki. Wallahi na ji ƙarar ƙashin daga waje, kuma na ji dariya.

Ƙugunsa ya karye. Likita ya ce a shekarunsa da wuya ya ɗinke. Da ya farfaɗo bai tambayi ƙafarsa ba, cewa ya yi, "Sun fara zanen?" Me zan ce masa?

Afrakoma

*

Dunkwa, watan Mayu

'Yata,

Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Warin asibiti ne ba na so, kin sani.

Mun zauna kamar yadda muka yi alkawari. Wasu sun ce ya taka akwati, ba haurawar gaskiya ba ce. Konadu ta ce ihu ne bayan hari, kofin zai dawo ne? Malamin makaranta Tawia, wanda shi kaɗai ke goyon bayansa tun farko, ya ce da yana ganin girmansa saboda ya tsaya kan maganarsa, yanzu kuwa ya nuna shi ma ɓarawon ne, ya janye hannunsa. Ga shi kuma a ranar an ci mu biyu da nema. Kin ga ko ta ƙofa ko ta katanga, mutumin nan ba ya shigo mana da alheri.

An zana Boadu jiya, ya yi kyau sosai. Amma ki gaya wa babanki ba a manta da shi ba, yara har wasan faɗuwarsa suke yi a unguwa.

Kawunki mai ƙaunarki,
Berko

*

Takoradi, watan Yuni

Berko,

Baba ya rasu ranar Talata. Ban gaya masa komai ba, rediyon maƙwabcin gadonsa a asibiti ya riga ni ba shi labarin zanen Boadu.

Na ji kuna haɗa mota za ku zo jana'iza da ganguna, da tutar Kadoji ku lulluɓa wa akwatinsa, har da mai ɗaukar hoto. Madalla. Wasiyyarsa ɗaya ce, a fitar da shi ta ƙofar gida, a buɗe ƙyaurenta duka biyu. To ƙofar tasa ce shi kaɗai.

Ku kuma ga katangar gidanmu nan. Na sa magini ya jera mata fasassun kwalabe. Ka zo da Konadu.

Afrakoma Gyambibi