Agogon Abigel da Ƙwallon Emenike

Asabar, 4 ga Mayu, 2024
Agogon da 'yata Abigel ta aiko daga Legas ya iso. Na wasan golf ne, wai da tauraron ɗan Adam yake aiki. Duk inda ka tsaya a fili zai gaya maka yadi nawa ne tsakaninka da tuta, ya kuma riƙe maka lissafin bugu. Ta ce a waya, "Baba, tunda ka bar aiki a Vom ka ƙi zama wuri ɗaya, to ga abokin yawo." Bakinta irin na uwarta. Rayuwata duk ina duba shanun mutane, yanzu a ce in zauna in duba bango?

Talata, 7 ga Mayu
Na kai shi filin golf na Rayfield. A rami na uku ya ce yadi 142. Na zaro sanda mai lamba bakwai na buga ƙwallo, na ji a hannuna ta tafi daidai. Livinus, abokin wasana mai shagon kayan mota a unguwar Congo-Russia, ya yi ihu, "Oga Dokta, ya sauka kusa da tuta!" Na ce ai na gani.

Ban gani ba. Tutar ma wani ja-ja kawai na hango, dishi-dishi. Ƙila hadari ne.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ruwa tun safe. Na yi ta zagaye falo har matata Loyis ta ce zan cinye mata kafet. Na wanke sanduna. Da ma a wanke suke.

Asabar, 11 ga Mayu
Lambobin agogon nan ƙanana ne. Biyar da shida kamar tagwaye. Na kira Abigel ta nuna min yadda ake ƙara musu girma, sai ta ce, "Baba, idonka lafiya dai?" Na ce laifin masu ƙera shi ne. Na kawo zancen mijinta.

Alhamis, 16 ga Mayu
Na sa sunana a gasar kulob ta ranar 25.

Da safe na zuba shayi a gefen kofi. Loyis ta goge tebur, ta ce, "Baban Abigel, mu je a duba ka." Na ce ni ma likita ne. Ta ce, "Na shanu."

Na sha ganin wani fari-fari a idon tsohuwar saniya. Kwana biyun nan ba na daɗewa a gaban madubi.

Asabar, 25 ga Mayu
Ban san ta ina zan fara ba.

An haɗa ni da Livinus da Emenike, lauyan nan da yake riƙe dokar wasa kamar shi ya rubuta ta. Har rami na goma lafiya lau. A na sha ɗaya ni da Emenike duk muka jefa ƙwallo cikin doguwar ciyawa ta wajen duwatsu. Na riga shi isa, na ga farin abu, agogo ya ce yadi 96, na buga. Bugu mai kyau kuwa.

Ashe ƙwallon Emenike ce. Akwai koren ɗigo a jikinta. Tawa tana can bayan dutse, inda ko mahaukaci ba zai so ya buga ba. Ya ce a duba agogona. Aka duba: a rami na takwas na danna biyar, alhali shida na buga. Ya ɗaga murya har na bayanmu suka tsaya. "Dokta, da furfurarka? A kan kofin roba?"

Na tattara sanduna na nufi mota. Livinus ya biyo ni yana haki. "Oga, ka gaya musu mana. Tun Ista ni ne idonka a filin nan. Madam ya sani?" Na rufe ƙofa na ja.

Lahadi, 26 ga Mayu
A coci na riƙe littafin waƙa ina rerawa da ka. Gani nake kowa ya ji. Ban tsaya gaisuwa ba.

Talata, 28 ga Mayu
Na jefa agogon a durowa. Na fito da shi. Na mayar.

Mai maguɗi ko makaho, wanne ya fi? Mai maguɗi dai shi yake tuƙa motarsa.

Alhamis, 30 ga Mayu
Livinus ya kira, ya sake kira. Ban ɗauka ba.

Asabar, 1 ga Yuni
Gidan ya ishe ni, na ce wa Loyis ta zo in kai ta wajen ƙanwarta a Anguwan Rukuba. A kwanar kasuwa wata mata ta tsallako da tiren dankali a ka, goyo a baya. Sai da Loyis ta ƙwalla ƙara na taka burki. Dankali ya watse har ƙarƙashin mota. Ba ta ji ciwo ba, jaririn ma bai farka ba. Ta zage ni tas, kuma ta yi daidai.

Loyis ta fita ta taya ta tsincewa, ta ba ta haƙuri. Da ta dawo ta tsaya ta gefena, ta miƙo hannu. Na ba ta makulli.



Laraba, 5 ga Yuni
Asibitin ido. Yanar ido ce, duka biyun. Likitar ba ta wuce sa'ar Abigel ba, tana min bayani a hankali kamar ban taɓa jin sunan ciwon ba. Za a yi min aiki, a fara da na hagu ƙarshen wata. Ta ce yawanci ana warkewa. Yawanci.

Asabar, 8 ga Yuni
Loyis ta sauke ni a kulob. Na tarar da Emenike a baranda cikin mutane. Na so in ja shi gefe, amma ai a gaban mutane ya faɗi tasa. Na ce, "Barista, ranar nan ba maguɗi na yi ba. Ba na gani ne."

Ya ajiye kwalbarsa. Ya miƙe tsaye. "Dokta, me ya hana ka faɗa? Ka bar ni na ci mutuncin babba." Ya ce babarsa ma an yi mata aikin ido, yanzu ita take zura zare a allura da kanta.

Mun zaga rami tara mu uku. Livinus ya ɗaura agogon a hannunsa yana karanto min yadi da ƙarfi kamar kwandasta, Emenike yana bin ƙwallona da ido. Na yi wasa mafi muni a bana. Ban san me ya sa na ci tuwo har da ƙari ba.

Laraba, 12 ga Yuni
Ruwa kuma. Na zauna a baranda har ya ɗauke, ban ma lura ba.

Loyis ta sayo min biro mai kaurin baki da littafi mai manyan layuka. Da biron nake rubutun nan. Ba don komai ba, ya fi daɗin riƙewa ne kawai.