Wayar da Baba Ya Ɗaura

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Mama, ya gajiyar haɗa kaya? Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba.

Dillali ya je ya ga gidan. Ya ce ɗakuna ba laifi, amma gaban gidan zai kori mai saye tun bai sauko daga mota ba. Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Kin san Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin gwangwanin fenti ya bar shi ya huta ba, sai ya cika shi da ƙasa ya dasa wani abu.

Tunda Mama ta amince ta dawo wurina in an sayar, mu yi abin nan mu gama. Ki nemo mai gyaran lambu. A kwashe gwangwanayen duka. A kwance wayar ƙarfen nan da ya ɗaura daga ƙofar falo zuwa get, wadda ba ta shanya, ba ta komai, sai kama rigar baƙi. A share tsakuwar da ya zuba a hanya, a shimfiɗa ciyawa bai ɗaya. Tsohon bencin ƙarƙashin lemun tsami a kai shi baya. A sayo furanni masu launi a jera, a yi wa get fenti, sannan ki turo min hotuna.

Kada ki tsaya jin tausayin tarkace, na san halinki.

Ki gaida Mama da kyau.
Yayanki.

*

Yayana,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Mama tana amsawa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, don na ɗauka takardar ofis ce ta ɓato hanya.

An yi duk yadda ka ce. Kwana uku mai lambu ya yi. Gwangwani ashirin da uku muka fitar, har ya tambaye ni ko marigayin mai fenti ne. Yawancinsu na'a-na'a ce da ɗaɗɗoya, ba abin kallo ko ɗaya, sai ƙamshi. Na sa ya tara su a bayan gida kafin ya samu motar kwashewa. Wayar kuwa ta ba shi wahala, Baba ya ɗaure ta kamar ba za a mutu ba.

Gaban gida ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce ta zaci baƙi sun tare. Amma ni da na tsaya a get na kalla, sai na ji kamar gidan wasu na zo, kuma na yi kuka kaɗan, ka yi dariyarka.

Mama ce ban gane mata ba. Da na faɗa mata aikin da za a yi, abu ɗaya ta tambaya, wai wayar nan ta tsare mana wani abu ne? Na ce dillali ne ba ya so. Ta ce to, mu yi abin da muka ga ya dace. Tun ranar ba ta sake fita tsakar gida ba. Matar da kowace safiya sai ta zauna a benci ta sha hantsi, yanzu tana ɗaki, ta ce ƙafa ke damunta. Na ce ta zo ta ga furannin, ta ce ta gani ta taga, sun yi kyau.

Ga hotunan nan. Ka gaida iyali.
Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Hotuna sun iso, aiki ya yi. Dillali ya ce yanzu aka zo wurin. Akwai mai saye, zai zo ranar Asabar da iyalinsa, ki tabbata an ba ciyawar ruwa.

Batun Mama kada ki sa shi a ranki. Shekara arba'in a gida ɗaya, dole ta yi shiru. In ta zo nan cikin jikoki za ta ware. Na sa an gyara mata ɗakin ƙasa, tayil ko'ina, babu abin da zai sa ta tuntuɓe.

Wassalam.
Yayanki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan. Na ɗauki waya sau uku in kira ka, bakina ya kasa.

Shekaranjiya da safe na je sayo madara. Da na dawo na tarar da Mama tsaye a tsakiyar sabuwar ciyawar, ta miƙa hannun dama tana lalube a iska, daidai inda wayar take a da. Ta taka sabbin furannin, zaninta ya jiƙe da laka. Fuskarta na kallon katanga, tana tsammanin ƙofar falo ce. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba. Da ta ji motsina ta ce, "Wane ne?" Ina gabanta, Yaya, taku uku tsakaninmu, ga hasken rana ko'ina.

Mama ba ta gani. Shekara huɗu ke nan idon yana tafiya, yanzu haske da duhu kawai take bambantawa. Sun je asibiti ita da Baba, an ce an makara. Ita ta hana shi faɗa mana, don kada mu ɗauke ta mu ajiye a ɗaki kamar kayan da aka gama da su. Cikin gida ta san shi kamar tafin hannunta. Wajen ne ya gagare ta, sai Baba ya zauna ya tsara mata shi.

Wayar da muke yi wa dariya, ita take kamawa daga falo har get. Tsakuwar kuwa, in ta daina jin ƙararta a ƙafa ta san ta kauce hanya. Na'a-na'a tana wurin da za ta juya zuwa benci, ɗaɗɗoya tana gefen famfo. Ta ce wata biyu Baba ya yi yana ɗaure idonsa da rawani yana bin hanyar da kansa, yana faɗuwa, yana gyarawa, maƙwabta na cewa tsufa ya fara taɓa shi.

Mu kuwa muna zuwa da tsaraba, mu yi kwana biyu, ta gane mu da murya, mu ce Mama ta yi kyau, mu tafi. Sati uku nake gidan nan ina naɗe kwanuka a jarida ban lura ba. Da hannuna na riƙe wa mai lambu filaya. Kunyar wannan ba za ta bar ni ba.

Na tambaye ta me ya sa ba ta hana mu ba. Ta ce gidan da za a bari, me za ta hana? Ta ce a sayar, ba ta ja da maganarka. Sai da na zaunar da ita na wanke mata ƙafa ta ce, a hankali, "Auta, a gidan yayanki me zan kama?"

Shi ya sa na rubuto maka.

Jiya na mayar da wayar, da benci, da gwangwanayen da ba su bushe ba, sha huɗu. Ita ta riƙa gaya min wurin kowanne. Gaban gidan ya koma yadda dillalinka ba ya so. In mai sayen Asabar ya ga waya ya fasa, Allah ya haɗa shi da rabonsa. Yau da safe ta je benci ita kaɗai.

Ka yafe min in na yi maka tsauri.
Auta.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na karanta.

Bara na taɓa ce wa Baba ya ɗaga wayar nan sama ko ya cire ta. Ya dube ni ya ce ba don ni ya ɗaura ba. Na yi dariya na shiga mota.

Na gaya wa dillali kada a taɓa komai sai ranar da Mama ta fita. Mai so ya saya a haka.

Ɗazu na rufe idona a ƙofar ɗakin da na gyara mata. Taku biyar na yi na buge da mota. Na sayo wayar ƙarfe da tsakuwa, gobe mai aiki zai fasa tayil ɗin tsakar gida. Kada ki yar da gwangwani ko ɗaya, har busassun. Ki ƙirga min takunta daga ƙofa zuwa benci, da nata taku, ba naki ba.

Ina tafe ranar Juma'a. Ki roƙar min gafararta kafin in iso. Ki kuma tambaye ta, na'a-na'ar a hannun dama take ko hagu?

Yayanki.