Garka Ta Ƙone, Ba Wuta

Lurwanu maigidana,

Na iske ka kana kwana, ban tashe ka ba. Gara ka ji daga gare ni.

Ina sallame sallar asuba, Altine mai nono ta buga ƙyaure tana cewa, "Inna Tsahara, garkarku ta ƙone!" Na suri bokiti cike da ruwa, ko takalmi ban sa ba. Na isa, ba wuta, ba hayaƙi, ba toka. Ashe ɗari taka nuhi! Innalillahi, Lurwanu, tun da anka haihe ni ban ga irin wanga ba. Tumatirinka duka ya yi baƙi, ganye ya langaɓe kamar an dahwa shi. Haka na tsaya riƙe da bokiti, baki buɗe.

Amma irin tattasai na gindin darni, wanda ba ka dasa ba tukuna, shina da rai. Shi kaɗai ya rage muna bana.

Na koma can da kara in toshe inda iska ka shiga. In ka tashi, kawo zanar bayan rumbu mu ruhe shi tun rana ba ta hwaɗi ba. Haɗo da bargona. Ni ina iya kwana cikin ɗari, shi bai iyawa.

Kakarka