Ni na zuba filasko a kokon ɗana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karantawa. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, domin babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Wata goma ke nan ina ɗauke da wannan magana, ta hana ni cin abinci da daɗi, ta hana ni kallon ɗana ido cikin ido.

Ni 'yar zangon Kumasi ce, ina zaune a Amurka, a Bronx, wajen unguwar University Heights, fiye da shekara ashirin. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, in yi musu wanka, in ba su magani, in juya su a gado. Mijina ya rasu tun ɗanmu yana ɗan shekara tara. Ɗan nan shi kaɗai Allah ya ba ni, zan kira shi Nasiru, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Tun yana sakandare ya shiga ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana gudu ana ture juna kamar raguna. Ni da farko ban so ba, na ce wane irin wasa ne wannan da sai an sa hular kwano? Amma ƙwallon nan ita ta kai shi jami'a kyauta, a wata makaranta da ke tsallaken kogi, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gida. Shekara huɗu yana buga musu, aikinsa shi ne ya bi mai karɓar ƙwallo ya hana shi kamawa, kuma kowa ya shaida yaron nan yana da gudu. Har a masallaci maza suna tsayar da ni suna cewa sun gan shi a talabijin.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, bari in yi bayani yadda ni ma aka yi mini. Idan yaro ya gama jami'a yana son manyan kulob su ɗauke shi, wasan da ya yi shekara huɗu bai isa ba. Akwai babban taron gwaji na ƙasa da ake gayyatar fitattu, Nasiru bai samu gayyata ba saboda makarantarsu ba ta cikin manya. Abin da ya rage masa shi ne rana guda da makarantarsu ke shiryawa, wakilan kulob-kulob su zo da agogo a hannu, a auna nauyinka, a auna tsallenka, ka ɗaga ƙarfe, sannan ka yi gudun yadi arba'in sau biyu. Abin da suka rubuta a ranar shi ne kai. Bayan 'yan makonni sai a yi zaɓen 'yan wasa, wanda suke kira diraf. Wata biyu Nasiru ya yi a wurin horo na musamman saboda wannan rana kaɗai, ana koya masa yadda zai ajiye yatsunsa a ƙasa, yadda zai yi takun farko, ana auna masa abinci kamar maras lafiya.

Gwajin ranar Talata ne. Ya zo gida ranar Asabar, ya ce yana so ya huta kusa da ni. Da na gan shi hankalina bai kwanta ba. Idonsa ya yi ja, ba ya son magana, ga ƙuraje sun feso masa a goshi. Na yi masa tuwo da miyar ayoyo, ya ture, ya ce, "Mma, please, farar shinkafa da kaza kawai, no pepper. Kada ki ba ni komai da ban sani ba." Da na matsa masa da tambaya sai ya ce kwana uku ke nan bai zagaya ba, wai garin ƙarin ƙarfi da suke damawa suna sha a wurin horo ne ke ɗaure masa ciki, ba wani abu ba ne. Ni kuwa ina jin haka na ce a raina, ai ga ciwon nan. Yaya mutum zai yi gudu da kayan kwana uku a cikinsa?

Ku fahimce ni, a gidanmu haka muka tashi. Duk lokacin da za a koma makaranta, ko za a yi doguwar tafiya, ko jarrabawa ta matso, mahaifiyarmu sai ta jera mu ta ɗura mana filasko, ta ce sai an wanke ciki jiki yake sauƙi. Mu takwas ta raina a haka, babu wanda ya mutu. Ranar Lahadi na je Concourse Village wurin wata aminiyata, zan kira ta Hajiya Memuna, 'yar garinmu ce, tana sayar da kayan da ake kawowa daga gida Kumasi a ɗakinta. Na faɗa mata. Ta tafa hannu ta ce, "Ei, Mma Nasiru, yaron ya cika da datti ne paa! Wanke shi. Turawan nan ba su san komai ba sai machine. In ya sha yau, gobe zai tashi kamar takarda." Na ce ai ba zai yarda ya sha ba. Ta ce, "Wa ya ce ki tambaye shi? Ke kika haife shi ko shi ya haife ki?" Muka yi dariya. Wallahi har da dariya na yi, ina tunawa ina jin kamar in tsaga ƙasa in shige.

Ban ba shi ranar Lahadi ba, saboda daga wurin Hajiya aiki na wuce, sai dare na dawo. Sai ranar Litinin da safe. Abu guda da Nasiru ba ya iya ƙi a duniya shi ne kokona, na gero mai citta da kanumfari. Na dafa ganyen filaskon da na karɓo wurin Hajiya, na tace, na dama kokon da ruwan, na ƙara citta da tsamiya don su ɓoye ɗacin. Kuma ga inda na kashe kaina. Hajiya ta ce cikin tafin hannu ɗaya. Ni kuwa na tsaya na dubi faɗin kafaɗarsa a bakin ƙofa, na ce wannan awon na mutum ne irina, shi kuwa ya yi biyuna, sai na zuba biyu, na ɗan ƙara. Ni da nake ba tsofaffi magani kullum, ni da na san ba a ƙara ko rabin ƙwaya sai da izinin likita! Ina hankalina ya tafi? Ya zo ya ga kofin, ya yi murmushi ya ce, "Mma, you know I can't." Na ce, "Gero ne fa kawai, Baba, sha albarka." Ya shanye tas, har ya ce ya fi na kullum daɗi.

Lissafina shi ne kafin la'asar an gama, ya kwana da sauƙin jiki. Abin bai fara ba sai da muka kama hanyar makarantar da yamma, kuma da ya fara bai tsaya ba. Da safiyar Talata da na gan shi a bakin filin, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, yana riƙe da gorar ruwa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "I'm good, Mma. Ki yi mini addu'a." A nan ya kamata in buɗe baki. Da na je wurin kocinsu na faɗi gaskiya, wataƙila da an ce ba shi da lafiya, an hana shi gudu, an nema masa wata rana. Amma na ji tsoro, na hau benci na zauna da carbi a hannu kamar mutuniyar kirki.

Aka auna shi, nauyinsa ya ragu daga abin da aka sani. Ya yi tsalle, bai kai inda ya saba ba. Sai gudu. Na farko, ni a idona ya yi sauri kamar kullum, amma na ga mutanen nan sun dubi agogunansu, sun dubi juna, sun rubuta. Daga baya aka gaya mini abin da ya ƙaru a kan lokacinsa bai wuce ƙiftawar ido ba, kuma wai a wurinsu wannan ƙiftawar ita ce tsakanin wanda za a ɗauka da wanda za a manta. Ya san bai yi kyau ba, sai ya zage a na biyu. Bai kai rabi ba na ga ya dafe bayan cinyarsa, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya faɗi. Mai duba lafiyarsu ya ce naman cinyar ne ya yage, kuma rashin ruwa a jiki yana jawo haka. Abin da ba zan manta ba shi ne, ana ɗaga ɗana daga ƙasa, mutanen nan sun riga sun juya suna kiran sunan yaro na gaba.

Kwana uku ake yin zaɓen. A rana ta uku ɗakina ya cika da 'yan garinmu, na dafa shinkafa da wake, Nasiru yana zaune da waya a kan gwiwarsa. Aka kira suna na ƙarshe, ba shi ba. Wakilinsa, mai nema masa kulob, ya ce a jira, bayan an gama kulob-kulob kan kira waɗanda ba a zaɓa ba su zo a gwada su. Muka jira. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri. Wayar ba ta yi ƙara ba, sai wata ƙanwar babansa daga Accra tana tambaya wane kulob ne ya ɗauke shi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Nasiru bai taɓa zargin kokon ba. Ya yanke wa kansa hukunci cewa tsoro ne ya tsinka masa ciki. Ya ce mini, "Mma, na ga mutane da agogo, cikina ya ɗuri ruwa. I choked. Ni matsoraci ne, shi ke nan." Yaron da yake shiga gaban ƙattai ba ya ƙiftawa, yau shi ke kiran kansa matsoraci, kuma ni ina tsaye ina jinsa, abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ƙaddara ce." Ƙafar ta warke tun tuni. Ya samu aiki a wani sito a Staten Island, kullum ya shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ya hau jirgin ruwa zuwa St. George, ya wuni yana ɗaga kwalaye. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zuwa masallacin unguwa don kada a tambaye shi. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ya ƙara tausayina. In na dawo aiki sai ya kawo ruwan ɗumi ya ce in sa ƙafa, ya ce, "Sorry, Mma. Na so in fitar da ke daga wannan aikin." Shi yake ba ni haƙuri! Wace irin uwa ce ke karɓar wannan ta yi shiru?

Na koma wurin Hajiya Memuna ina kuka. Ta rufe ƙofa ta ce, "Kul! Kada ki faɗa. Yaran nan na Amurka ba kamar mu ba ne, in ya ji zai block ɗinki, ko gawarki ba zai zo ba. Maganar ya wuce, bar shi ya wuce." Tun ranar ba ta ƙara ɗaga wayata da sauri ba. Kuma na san ba ƙarya ta yi ba, na ga 'ya'yan mutane a garin nan da suka bar iyayensu a kan abin da bai kai wannan ba. Shi kaɗai gare ni. Ba ni da kowa a ƙasar nan in ba shi ba.

Makon jiya tsohon kocinsa ya kira ni, saboda Nasiru ya daina ɗaga masa waya. Ya ce akwai wani kulob a Kanada da zai yi gwaji, ya yi magana an yarda Nasiru ya je, amma yana son amsa kafin Juma'ar wannan makon da muke ciki. Bai ɓoye mini ba, ya ce ba babbar dama ba ce, shekara ta kusa zagayowa, sababbin yara sun fito, kuma lokacin da aka rubuta masa ranar nan yana nan a takarda ba mai goge shi. Amma ya ce bayan wannan ba ya jin akwai wata. Na faɗa wa Nasiru. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "In je in sake jin kunya? Jikina ba ya iya ɗaukar irin ranar nan, Mma. Na gani da idona."

Ni kaɗai na san ƙarya ne. Jikinsa bai gaza ba, zuciyarsa ba ta gaza ba, uwarsa ce. In na faɗa masa, wataƙila ya tashi ya je, wataƙila kuma ya je a banza, amma ko ya je ko bai je ba, ban ga yadda zai sake kallona ya kira ni Mma ba. In na yi shiru, ina da ɗa a gida mai kawo mini ruwan ɗumi, wanda zai tsufa yana ganin kansa matsoraci.

Jiya da yamma ya shigo da takalman ƙwallonsa a leda, ya ajiye kusa da durom ɗin kayan da nake haɗawa zan aika Kumasi. Ya ce, "Ki sa a ciki, wani zai mora." Na ce to. Da ya fita sai na ɗauke su na tura ƙarƙashin gadona, ban san ma me ya sa ba. Yau Laraba. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofar ɗakinsa, in ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, in koma.

Jama'a, musamman ku iyaye mata, da ku 'ya'yan da aka haifa a nan, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ciwo. In ba shi gaskiyar in rasa shi, ko in riƙe shi in bar shi a haka? Saura kwana biyu. Me zan yi?