Sunan da Uwa Ba Ta Kira

Hindawiyya, Jidda.

Zuwa ga yayata Hajiya Zakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya ke da iyali, Ya ƙara wa Ya'u sauƙin jikinsa. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin Jidda da ba ya jin rarrashi. An sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, kasuwar turaren wuta kuma tana tafiya, ko da yake matan yanzu sai sun shinshina kwalba goma kafin su sayi ɗaya.

Yaya, sati uku ke nan ba ki ɗaga wayata ba, na kuwa san dalili. Wata da ta zo Umara ta koma ta ce miki autata Mastura ta sa ciwon ɗanki Ya'u a littafi don duniya ta yi kallo. Wanda ya ji rabin magana ya fi kurma ɓarna, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin san Mastura marubuciya ce, da Larabci take littattafanta. Bana ta haɗa kai da Malam Ɗan'azumi, wani dattijo Bazazzagi, kawun mijinta, mai rubuta wasan kwaikwayo. Ita tana rubuta littafin, shi yana juya shi wasa da Hausa. Duk Asabar da la'asar a falona suke zama, su shanye mini shayi, su yi ta gardama kamar masu cinikin rago. Labarin wani gari ne na nan gaba da babu shi a duniya, inda likitoci ke tsince ƙwayoyin halittar ɗa tun yana ciki, yadda muke tsince shinkafa. Iyaye su zaɓi tsayi, su zaɓi launi. Yaron da aka haifa ba a tsince shi ba, musamman mai sikila, hukuma ke ɗauke shi. Sun kuma kafa na'ura a kowane gida, da ta ji an kira sunan da ke cikin jerin marasa izini, halas, sai ga mota a ƙofa.

A rubutun farko, Mastura ta sa uwar yaron tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun shafi na ɗaya. Malam ya cire tabarau, ya tambaye ta wace Bahaushiya ce wannan marar alkunya. Yarinyar nan haihuwar Jidda ce, tana jin Hausa amma bakinta Larabci, ita a zatonta ke kin ƙi kiran sunan Ya'u ne don ɓacin ran ciwonsa. Shekara ashirin tana ɗauke da wannan zaton ba ta faɗa wa kowa ba. Da na bayyana mata cewa kunyar ɗan fari ce, kuma ita ce ƙarshen so a wurinmu, sai ta shiga ɗaki ta yi kuka. Da ta fito ta yaga shafi arba'in. Yanzu a labarin, na'urar ta shekara goma sha biyu tana saurare ba ta kama yaron ba, domin uwarsa "wancan" kawai take ce masa. Masu ilmin duniya sun lissafa komai, ba su lissafa alkunya ba.

Babu sunanki a ciki, babu sunan unguwarku. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ni da na san kan ciniki: duk wanda ya san ki zai gane tafiyarki. Mastura ta kira Ya'u, ya yi dariya ya ce shi ya yarda, in dai za a sa yaron ya fi shi kyau, amma a tambaye ki. Ta yi rantsuwa in kin ce a'a, littafi da wasa duka za su koma akwati, Malam ma ya amince.

Saura shafin ƙarshe, a nan suka cije. An kama yaron, an ce ba za a sake shi ba sai uwar ta faɗi sunansa a gaban jama'a. Mastura ta ce uwar za ta faɗa da ƙarfi. Malam ya ce ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. Suka juyo kaina, na ce ni turare nake sayarwa.

Na san amsar, Yaya. Ina bayan labule a asibiti shekarar da Ya'u ya suma kwana biyu, na ji abin da kika raɗa masa a kunne. Ban faɗa musu ba, ba kuma zan faɗa ba. Naki ne, in kin so ki ba su, in kin so ki riƙe. Ni dai ki ɗaga wayata, ko zagina za ki yi.

Ki gai da Alhaji, da Ya'u da matarsa Sadiyya, da Bilal. Mastura da mijinta Fawaz suna durƙusawa.

Taki ƙanwa,
Dela.